RUWA YA TAFI, GISHIRI YA ZAUNA: NA'URAR DA KE YI WA KIFIN TEKU ƘARIN RUWA

Duk ɗan Arewa da ya taɓa shiga wani babban otal a Ikko, ko gidan wani attajiri a Ikoyi ko Lekki, ba mamaki ya ga wani akwati na gilashi cike da ruwa, fitila na haska shi, ga kifaye masu launin ruwan goro da shuɗi da rawaya suna kai da kawowa a tsakanin duwatsu. Ba na ci ba ne, na kallo ne. Da yawa daga cikinsu kuwa ba kifin kogi ba ne kamar tarwaɗa ko ƙarfasa, kifin teku ne da akan ɗauko a jirgin sama daga ƙasashe irin su Indunusiya da Filifin da Kenya, kuma ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri.

Mai karatu na iya cewa to ina ruwan mai neman abinci da wasan masu kuɗi? Ai kuwa da ruwansa. Domin a gidaje da ofisoshi da yawa na Kudu, mai gadi ko mai ban ruwan fulawa ko yaron gida shi akan bar wa amanar komai in maigida ya yi tafiya, har da wannan akwati. Tafiyar kuma ta fi yawa a watan Disamba, daidai lokacin da iskar hunturu ke gangarowa har bakin teku tana busar da komai. A ɗauka an bar wa mutum irin wannan akwati na mako biyu. Ya duba ya ga ruwa ya ja baya. Da kyakkyawar niyya sai ya ce ai kifin teku ne, bari a ƙara masa ruwan gishiri. Bayan 'yan kwanaki ya sake ƙarawa. Kafin maigida ya dawo kifaye sun soma ƙin cin abinci, wasu sun mace, shi kuwa bawan Allah bai san laifin da ya yi ba, ga aikinsa na rawa.

ABIN DA MUTANEN BILMA SUKA SANI

Kuskuren yana wuri ɗaya ne. In ruwa ya bi iska, ruwan kaɗai ke tafiya, gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Wannan ba sabon ilmi ba ne ga mutanen ƙasar Hausa. Kantun gishirin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fachi a arewa maso gabashin Nijar ta haka ake samunsa: a tara ruwan gishiri a ramuka, rana da iska su shanye ruwan, a kwashe abin da ya rage. Uwargida ma ta san haka. In miya ta daɗe a kan wuta ta ƙafe sai gishiri ya fito mata, maganinta kuwa ƙarin ruwa ne, ba wanda zai ƙara gishiri. Direbobin da suka yi zamani da batir mai murafu su ma za su tuna cewa in ruwan batir ya yi ƙasa, mai caji ba asid yake ƙarawa ba, tataccen ruwa yake zubawa, domin ruwan ne ya tafi.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ruwan babban teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, shi ne kuma ma'aunin da masu kiwon nan suke ƙoƙarin tsayawa a kai. Akwati mai tsawon santimita 100 da faɗin 50 da zurfin 40 yana cin lita 200, watau akwai gishiri wajen kilo 7 a narke a cikinsa. A ce kullum lita 2 ke bin iska. A ido wannan ba komai ba ne, domin ruwan zai sauka da milimita 4 ne kacal, ko kaurin fensir bai kai ba. To amma a kwana goma lita 20 ta tafi, kilo 7 ɗin nan yanzu a cikin lita 180 yake, kowace lita ta koma ɗauke da kusan giram 39. In aka cike gurbin da ruwan gishiri, an ƙara giram 700 ke nan a kan na da, akwati ya cika fal amma gishirinsa na nan a giram 38 da rabi. A maimaita haka sau uku ko huɗu, an fi Bahar Maliya gishiri, ita da take wajen giram 40.

Me ya sa kifi ya damu da wannan? Wanda ya taɓa ganin an barbaɗa wa ɗanyar fata gishiri, ko an zuba shi a kan yankakkiyar albasa, ya ga yadda gishiri ke jawo ruwa waje. Jinin kifin teku gishirinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na ruwan da yake ciki ba, saboda haka dare da rana teku na tsotse masa ruwan jiki. Abin da yake yi shi ne ya riƙa shan ruwan tekun, ya fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin nan na gefen kansa da yake numfashi da su, fitsarinsa kuma ɗan kaɗan ne. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma jikinsa ya saba da ma'auni guda, domin babban teku ba ya sauya ɗanɗano tsakanin safe da yamma. Kifi ma da sauƙi, yana iya jurewa in canjin a hankali ya zo. Murjani da jatan lande da sauran ƙananan halittun da akan sa tare da shi ba su da wannan dabara, yadda ruwan waje yake haka na jikinsu yake komawa. Su ne ke fara mutuwa.

Shi ya sa ba a so a bari sai ƙarshen mako a kwarara bokiti guda a lokaci ɗaya, ko da ruwan daɗi ne. Gishiri ya hau a hankali kwana bakwai, sa'an nan ya faɗo cikin minti ɗaya, wannan ma wahala ce. Abin da ake so shi ne kaɗan-kaɗan, kofi ya tafi kofi ya dawo. Ɗan Adam kuwa yana barci, yana mantuwa, yana zuwa kasuwa. Daga nan ne maganar na'ura ta taso.

DABARA TSOHUWA

Wani zai zaci abin sabo ne daga Turai. Shi dai akwatin kifi na gilashi a can ya bunƙasa, domin a shekarar 1853 ne aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan. Amma dabarar tsayar da ruwa a kan ma'auni guda ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a Iskandariyya ta Masar mai suna Kitisibiyus ya yi amfani da abu mai iyo a saman ruwa don daidaita agogonsa na ruwa. A Bagadaza kuma, wajen shekarar 850, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, suka fito da Kitabul Hiyal, littafin da ya ƙunshi na'urori kusan ɗari, cikinsu har da tukwanen da ke cika kansu in an ɗiba, da fitilar da ke ƙara wa kanta mai.

A yau hanyoyin da ake bi ba su fita daga wannan tushe ba. Mafi sauƙinsu ita ce ta masu kiwon kaji: a cika kwalba da ruwan daɗi, a kifa ta, bakinta na taɓa saman ruwan akwati. Muddin bakin na nutse iska ba ta samun shiga, ruwa ba ya fita. Da zarar ruwan akwati ya sauka, sai iska ta kutsa, ruwa ya zubo har ya sake rufe bakin. Ba wuta, ba batir. Ga ƙaramin akwati wannan ta wadatar, sai dai kwalba ba ta ɗaukar na kwanaki da yawa.

Ta biyu kowane mai gadi a Ikko ya san ta, ko da bai san ya sani ba. Ita ce ƙwallon nan da ke cikin tankin ruwa na saman gida ko tankin bayan gida na zamani, mai sanda a jikinsa. Ruwa ya sauka, ƙwallo ya bi shi ƙasa, ƙofa ta buɗe. Ruwa ya hau, ƙwallo ya taso, ƙofa ta rufe. Makanikai ma sun san irinta a cikin kafireta. Ga akwatin kifi akan ɗora jarkar ruwan daɗi a sama, a jawo siririn tiyo zuwa ƙaramin ƙwallo irin wannan. A garin da ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, wannan hanya tana da daraja ƙwarai. Sai dai a kula, wanda ake sayarwa a shagon masu gyaran famfo galibi na tagulla ne, tagulla kuwa akwai jan ƙarfe a cikinta, shi kuma jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande ko da ɗan mitsitsi ne ya narke. Na roba zalla ake nema.

Ta uku ita ce ta lantarki, wadda ta fi yawa yanzu a manyan gidaje. Kayanta huɗu ne: jarkar ruwan daɗi, ƙaramin famfo da akan jefa cikin jarkar, abin da ke lura da tsayin ruwa, da ɗan akwatin da ke ba da umarni. Shi mai lura ɗin iri biyu ne. Akwai wata 'yar gora ta roba mai maganaɗisu a ciki, tana hawa da sauka a jikin sanda. In ta sauka sai maganaɗisun ya haɗa wasu siraran ƙarafa biyu da ke rufe cikin sandar, famfo ya tashi, in ta hau ya sake su, famfo ya tsaya. Akwai kuma wanda ake kira ido, wani ɗan tsinin roba ne garai-garai mai haske a ciki. In tsinin na cikin ruwa hasken na ficewa, in ruwa ya bar shi hasken na komowa ciki, da haka na'ura ke gane ruwa ya sauka. Wannan ba shi da abin da ke motsi balle ya maƙale. Kamfanin Tunze na Jamus ya yi suna da wata na'ura mai suna Osmolator wadda ta haɗa duka biyun, ido na aiki, gora na gadinsa daga sama. Famfon irin waɗannan na'urori yawanci da ƙaramar wuta yake aiki, irin bolt 12 na batirin mota, kuma haka ya dace, domin ruwan gishiri da wutar gida mai bolt 230 ba abokan juna ba ne.

Wurin da za a ɗaura mai lura ɗin ma abin dubawa ne. Manyan akwatuna suna da wani tanki a ɓoye cikin kabad ɗin ƙasa, inda ruwa ke gangarawa a tace shi, sa'an nan famfo ya mayar da shi sama. A irin wannan shiri ruwan akwatin sama ba ya sauka ko kaɗan, duk ragin a ɗakin ƙarshe na tankin ƙasa yake bayyana, inda famfon yake. Wanda bai sani ba sai ya dubi sama ya ga ruwa cike ya ce lafiya lau, alhali a ƙasa famfo ya kusa shan iska. A can ake ɗaura na'urar. Yana da wani amfanin kuma: ɗakin ƙarami ne, in faɗinsa santimita 20 ne da 25, lita ɗaya kacal za ta saukar da ruwansa da santimita 2, saboda haka na'ura na ji tun abin bai yi nisa ba.

Wasu kan ce me zai hana a sa agogo kawai, famfo ya riƙa zuba lita biyu kullum? Matsalar ita ce iska ba ta san alkawari ba. Da damina, lokacin da tufafi ke kwana biyu a igiya a Ikko ba su bushe ba, ruwan da ke tafiya kaɗan ne. Da hunturu, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana, ko an kunna fanka a kan ruwan don rage zafi, sai ya ƙaru sosai. Akwati iri ɗaya a Kano cikin watan Maris ba zai yi daidai da na Fatakwal cikin Yuli ba. Agogo bai san wannan ba, gora kuwa ruwan take bi.

INDA NA'URA KE CIN AMANA

Nan ne ya kamata wanda aka bar wa amana ya buɗe kunne, domin na'urar da aka saya don ceton kifi ita ma tana iya kashe shi. In ta ƙi tashi, da sauƙi, gishiri zai hau a hankali, mai lura zai gani. Babban bala'i shi ne ta tashi ta ƙi tsayawa. Dodon koɗi guda ɗaya, irin wanda akan sa a akwatin don ya ci gansakuka, in ya hau kan gora ya zauna, ya danne ta ƙasa ke nan, famfo zai yi ta turo ruwa. Haka ma busasshen gishiri da kan taru a jikin sanda ya hana gora motsi, ko gansakuka ta rufe wa ido fuska.

Masu wannan sana'a sun yi wa abin rigakafi hawa-hawa. Na farko gora ta biyu a ɗan sama da ta farko, wadda aikinta kawai ta yanke wuta in ruwa ya wuce iyaka. Na biyu, na'urori masu kyau kan kashe famfo da kansu su yi ƙara in ya daɗe yana aiki fiye da kima. Na uku kuwa ba ya bukatar ko kwabo, shi ne kada jarka ta yi girma. A akwatin nan mai lita 200, in jarkar lita 10 ta juye gaba ɗaya, gishiri zai sauko ne zuwa wajen giram 33, kifi zai ji amma zai rayu. In durom mai lita 50 ne, zai faɗo zuwa wajen 28 cikin sa'a ɗaya ko biyu, ga ruwa malale a kan kafet, ga wayoyin lantarki a ƙasa. Wanda kuwa ya haɗa na'urar kai tsaye da bututun ruwan gida don gudun wahalar cika jarka, ya buɗe ƙofar da ba ta da iyaka.

Sai kuma wani abu da direbobi suka sani sarai. Wanda ya taɓa zuƙo mai daga tankin mota da tiyo ya san cewa da zarar ya fara gudu ba ya bukatar a sake zuƙa, muddin bakin tiyon yana ƙasa da man. Haka ke faruwa a nan. In ruwan jarka ya fi bakin tiyo tsayi, ko famfo ya tsaya ruwa ba zai tsaya ba, ko an ɗauke wuta ma haka. Don haka akan ɗaure bakin tiyo sama da ruwan jarka. Kada kuma a bar shi nutse cikin ruwan akwati, in ba haka ba ruwan gishiri na iya komawa da baya ya cika jarka.

Akwai wata cin amanar da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Na'ura ba ta san dalilin da ya sa ruwa ya sauka ba, ita dai ta ga ya sauka. In akwati na yoyo a wani lungu, ruwan gishiri ne ke fita, ita kuwa ruwan daɗi take mayarwa. Akwati na nan cike, kowa hankalinsa kwance, gishiri na raguwa kullum. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In jarkar da ta saba kai kwana biyar ta koma ƙarewa a kwana biyu alhali yanayi bai canja ba, to a duƙa a leƙa ƙarƙashin kabad. Saboda wannan dalilin ne kuma akan kashe na'urar duk lokacin da za a ɗebi ruwa da gangan don canja shi. A nan ne kaɗai ake mayar da ruwan gishiri, tun da ruwan gishiri aka ɗiba. Ɗaya ƙari ne, ɗaya canji ne, rikita su shi ne asalin kuskuren da aka ambata tun farko.

WANE RUWA?

Ba kowane ruwan daɗi ne ya dace ba. Dokar nan ta Bilma tana aiki a kan duk abin da ke narke cikin ruwa, ba gishiri kaɗai ba. Duk dattin da ya shiga tare da ruwan ƙari yana nan zaune bayan ruwan ya bi iska, gobe a ƙara masa wani. Ruwan famfo na da maganin kulorin. Ruwan burtsatse a sassan Ikko da dama yana da sinadarin ƙarfe, shi ke sa bokiti ya yi ja, a unguwannin bakin teku kuma wani yana da ɗanɗanon gishiri. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yana da kyan gani, amma a jikin bututun ƙarfe ya taru tare da ƙurar ɗaki, ba a amince masa ba. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da aka matsa ta wata siririyar fatar tacewa wadda ruwa ke ratsawa amma gishiri ba ya iyawa, dabarar da wasu masana biyu, Loeb da Sourirajan, suka inganta a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka wajen shekarar 1960. Ita ce dai ƙasashe irin su Saudiyya ke amfani da ita yau wajen mayar da ruwan teku na sha. Akwai ɗan ma'auni kamar alƙalami da akan tsoma a ruwan, in ya nuna sifiri ko kusa da haka, ruwan ya yi.

Shi kansa gishirin akwati da ma'auni ake sanin sa, ba da harshe ba. Akwai na gilashi mai iyo, ɗan'uwan wanda masu cajin batir ke amfani da shi, a kansa ana neman lamba 1.025 ko 1.026. Akwai kuma wani kamar ƙaramin tabarau na hangen nesa da akan ɗiga wa ruwa a leƙa. Sau ɗaya a mako ya isa.

Wanda za a bar wa irin wannan akwati yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa abubuwa kafin maigida ya shiga mota: wace jarka ce ta ruwan daɗi, wacce ce ta gishiri, a rubuta a jikinsu, ina layin da ruwa ya kamata ya tsaya, a sa alama da tef, wane makunni ke kashe na'urar ƙarin ruwa ita kaɗai ba tare da an kashe babban famfo ba, domin shi babban famfon shi ke ba kifi iskar numfashi. Bayan wannan aikin kullum bai wuce minti biyu ba. A leƙa jarka kada ta ƙafe famfo ya ƙone, a taɓa gora da yatsa a ga tana hawa tana sauka, a dubi layi. In na'ura ta lalace kuma ba mai gyara a kusa, a zare ta, a koma zuba ruwan daɗi da kofi safe da yamma daidai layin nan har maigida ya dawo.